Gidan Joseph Jackson: Inda Waƙa Ta Zama Sana'ar Gado

A watan Disamba na 1969 Amurkawa suka kunna talabijin suka ga wani yaro baƙar fata da faffaɗar hula a ka, a shirin Ed Sullivan, shirin da duk mawaƙin da ya hau shi ya san ya iso. Yayyensa huɗu na tsaye tare da shi. Waƙar da ya ɗauko ta manya ce, kukan wani da ya wulaƙanta masoyiyarsa har ta tattara ta bar shi yana cizon yatsa. Shekarar yaron 11, amma yadda yake jan murya yana karya ta, sai ka rantse ya taɓa aure ya yi saki. Kowa ya ce baiwa ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da mai kallo bai sani ba shi ne, a wannan dare Michael Jackson ya riga ya shekara biyar yana wannan aiki, aiki na sosai, mai maigida, mai lada, mai horo, mai lokacin shiga da na tashi.

Labarin ya faro ne daga Gary, wani gari a jihar Indiana, a bakin tafkin Michigan, kusa da Chicago. Garin ƙarfe ne tun asalinsa. Kamfanin U.S. Steel ne ya kafa shi a 1906 ya sa masa sunan shugabansa, baƙaƙen fata kuma suka yi ta kwararowa yankin daga jihohin kudu, suna gudun gonakin auduga da wariyar launin fata, suna neman aikin albashi. Joseph Jackson, haifaffen Arkansas, da matarsa Katherine, haifaffiyar Alabama, 'ya'yan wannan ƙaura ne. Sun yi aure a 1949, suka mallaki ɗan gida mai ɗakin kwana biyu, lamba 2300 a titin Jackson, sunan da ya zo daidai da nasu bisa katari kawai. A nan suka haifi 'ya'ya goma, ɗaya ya koma tun yana jariri, tara suka rayu. Michael, wanda aka haifa ranar 29 ga Agusta 1958, shi ne na takwas. Iyaye a ɗaki ɗaya, maza a ɗayan bisa gadaje masu hawa-hawa, mata kuwa a falo.

Joseph direban injin ɗaga kaya ne a masana'antar ƙarfe ta Inland Steel. Ya taɓa gwada dambe, bai kai ko'ina ba. Ya kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Falcons da shi da ɗan'uwansa Luther, suna kaɗa jita a mashaya da wuraren biki, ita ma ba ta kai ko'ina ba. Ƙungiyar ta watse, ya jefa jitar a cikin kabad, ya kafa doka kada wanda ya taɓa ta. Mutum ne da ya ɗanɗana sana'ar har ya san daɗinta, bai kuma samu abin da ya nema a cikinta ba. Irin wannan uba, in ya ga ƙofa ta buɗe ta hannun 'ya'yansa, ba ya wasa.

An fi ambaton uban, amma kunnen yaran daga uwa ya fito. Katherine ta yi fama da shan inna tana ƙarama, ya bar ta da ɗingishi. Tana busa kilarinet, tana taɓa fiyano, kuma burinta na ƙuruciya shi ne ta zama mawaƙiyar salon country, kiɗan turawan karkara da ta tashi tana ji a rediyo. Ita take zaunar da yaran a falo su yi ta rera tsofaffin waƙoƙi, tana raba musu murya, wannan ya hau sama, wannan ya tsaya tsakiya, wancan ya yi ƙasa. Wannan rabon murya shi ne jarin farko na duk gidan mawaƙa. Baƙi biyar za su shekara suna bita kafin muryoyinsu su haɗu su zama abu guda. 'Yan ɗaki ɗaya kuwa, da maƙogwaro iri ɗaya da lafazi iri ɗaya, har numfashi tare suke ja ba tare da an ce musu su ja ba. Shi ya sa tarihin kiɗan Amurka ya cika da ƙungiyoyin 'yan'uwa, su Isley Brothers da Staple Singers da Everly Brothers.

Yadda abin ya tashi daga nishaɗin falo ya zama sana'a, 'yan gidan duka bakinsu ɗaya a kai. Idan Joseph ya tafi aiki, ɗansa Tito yakan saci jiki ya ɗauko jitar nan ya yi ta kaɗawa, 'yan'uwansa Jackie da Jermaine suna rerawa, uwar tana gani tana kau da kai. Rannan tsirkiya ta tsinke. Asiri ya tonu, Tito ya sha hukunci, sannan uban ya gyara tsirkiyar ya miƙa masa ya ce to, ya kaɗa a ji. Da ya ji abin da yaron ya iya, sai lissafinsa ya sauya. Ya saya wa Tito jita tasa. Daga nan kuɗin cefane ya fara tafiya wajen sayen makirufo da lasifika da ganguna, har ya zama abin saɓani tsakaninsa da matarsa, wadda ke ɗan aiki a kantin Sears don a rufa wa juna asiri. Falon da mata ke kwana ya koma wurin bita.

A 1964 aka sa Michael da yayansa Marlon cikin ƙungiyar yayyensu, kuma ba a gaba aka sa su ba. Ƙananan ganguna da kacau-kacau aka ba su, Jermaine ke jan waƙa. Wanda ya san gidajen makaɗa a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Musa Ɗanƙwairo da amshi ya fara a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya kuma yi wa yayansa Kurna amshi a Maradun, kafin ragamar ƙungiya ta zo hannunsa yana cikakken mutum. Tsarin yana da hikima: yaro yana koyo a inuwar babba, in ya yi kuskure muryar wasu ta rufe shi, nauyin ƙungiya kuma ba a wuyansa yake ba. A gidan Jackson sai tsarin ya juye. Ba a daɗe ba aka lura cewa ƙaramin nan, in ya ga rawa sau ɗaya ya ɗauke ta, in ya ji waƙa ya maido ta da abin da babu a cikinta. Ya yi waƙa a taron makarantarsu ta firamare, malamai da iyaye suka miƙe tsaye suna tafi. Aka matsar da Jermaine gefe, aka miƙa wa Michael makirufo. Kafin ya cika shekara tara, shi ne jagora, yayyensa ke yi masa amshi, har da Jackie da ya girme shi da shekara bakwai. A ganina duk abin da ya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi, daga wannan juyin ya samo tushe. Almajirin sana'a ya zama shi ne jarin gida tun bai san mene ne jari ba.

Bitar kullum ce. A dawo daga makaranta, a ture kujeru, a jera kayan kiɗa, a yi ta yi har dare. Sauran yaran unguwa suna ƙwallo a waje, wasu ma suna leƙowa ta taga suna yi musu dariya. Abin da Joseph ke koyarwa ba murya ba ce, don shi ba mawaƙi ba ne. Dandamali yake koyarwa: yadda ake shigowa, inda ake tsayawa, yadda ake riƙe makirufo kada igiyarsa ta harɗe ƙafa, yadda mutum biyar za su juya a bugu ɗaya, yadda ba a barin shiru tsakanin waƙa da waƙa har mai kallo ya samu damar juya baya. In ka yi kuskure a gaban jama'a, kada fuskarka ta nuna. In ba ka da lafiya, wanda ya biya kuɗin shiga bai san wannan ba. Michael ya faɗa daga baya cewa uban kan zauna a kujera da bel a hannu yana kallon ƙafafunsu, wanda ya ɓata taku ya ji a jikinsa. Kuma ba sa kiran sa Baba. Joseph suke ce masa, haka ya so.

Suka fara da gasar makarantu, suka ci ta sakandaren Roosevelt a Gary, suka bi sauran gasannin garin suna lashewa. Daga nan sai aikin kuɗi, a wani gidan rawa mai suna Mr. Lucky's, inda sukan hau dandamali sau da yawa a dare ɗaya. Ladan bai taka kara ya karya ba, liƙin da ake watso musu a ƙasa ya fi shi auki, yaran su bi suna tsincewa suna cusawa a aljihu. Katherine ke ɗinka musu kayan wasa. Ranar Juma'a a cusa yara da kayan kiɗa a motar Volkswagen, a nufi Chicago ko wani gari mai nisa, a dawo da asubahin Litinin, yaro ya wanke ido ya tafi aji.

Hanyar da suka bi tana da tarihi. A zamanin wariya, mawaƙi baƙar fata ba ya samun shiga manyan zaurukan turawa, don haka baƙaƙe suka gina nasu jerin gidajen rawa da zauruka daga kudu har arewa, ana kiran jerin Chitlin' Circuit. Manyan tashoshinsa su ne irin Regal a Chicago da Apollo a unguwar Harlem ta New York. Ƙananan kuwa mashaya ce kawai, da hayaƙin taba da 'yan maye da mata masu rawar tsiraici. A littafinsa Moonwalk na 1988 Michael ya ba da labarin abubuwan da idonsa ya gani a irin waɗannan wurare yana ɗan firamare. Sai ka haɗa wannan da gidan da ya fito: uwar ta shiga ɗarikar Shaidun Jehobah a 1963, gidan da ba a bikin Kirsimeti, ba a bikin ranar haihuwa, ana bin gida-gida wa'azi. Yaro ɗaya, da dare yana gidan rawa, da rana yana zauren ibada, kuma kowane ɓangare iyayensa ne suka kai shi.

Amma a nan ne ya yi karatun da babu makarantar da ke bayar da shi. Ƙungiyar da ke buɗe fage takan gama nata ta koma ɗakin shiri ta huta. Yayyen sukan tafi hira da wasan kati, shi kuwa Michael sai ya laɓe a jikin labule, gefen dandamali, ya ƙura wa manya ido. Daga nan ya kalli James Brown, ya ga yadda ƙafarsa ke zamewa kamar ba ta taɓa ƙasa, yadda yake tsayar da makaɗa cak da ɗaga hannu ɗaya, yadda yake faɗuwa bisa gwiwa a daidai inda zuciyar jama'a ta kai maƙura. Ya kalli Jackie Wilson, ya ga yadda ake juyi a dawo kan makirufo ba tare da murya ta girgiza ba. Sun buɗe wa Gladys Knight fage, da Sam & Dave, da O'Jays, da Etta James. Mai kallo daga kujera yana ganin abin mamaki ne, na gefen labule kuwa yana ganin yadda ake haɗa abin mamakin: gumi, haki, alamar da jagora ke yi wa mai ganga, fuskar da mawaƙi ke saki da zarar ya juya wa jama'a baya. Wannan kusanci shi ne babbar riba ta ɗan gado a kan ɗan haye. Ba jini ne ke ɗauke da sana'ar ba, samun wurin tsayawa ne a inda ake yin ta, tun ido bai gama buɗewa ba.

A watan Agusta na 1967 suka shiga gasar sababbin mawaƙa a Apollo. 'Yan kallon Apollo ba su da kara ko kaɗan. In ba ka burge su ba ihu za su yi maka, akwai ma wanda aikinsa kenan ya fito ya kore ka daga dandamali ana dariya. Yaran Gary suka ci gasar. A farkon 1968 wani ƙaramin kamfani na garinsu, Steeltown, ya fitar musu da faifan farko, "Big Boy", wanda ya ɗan yi kasuwa a yankin, ya tsaya nan.

Ƙofar da Joseph ke hari ita ce Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa. Gladys Knight ta yi musu magana a can, ba a kula ba. Gordy ba ya son harka da yara, don ya ga wahalarta a kan Stevie Wonder: dokar aikin ƙananan yara, malamin da zai bi su, mai rakiya. Sai a watan Yuli na 1968, da suka buɗe wa mawaƙi Bobby Taylor fage a Regal, shi ya ɗauke su ya kai su Detroit da kansa. Aka ɗauki gwajin a fim, Michael yana kwaikwayon James Brown, aka kai wa Gordy. Da ya gani, maganar ƙin yara ta ƙare.

Gordy tsohon ma'aikacin kamfanin motoci na Ford ne, kuma bai ɓoye ba cewa tsarin haɗa mota ya ɗauko ya ɗora wa waƙa. Marubuta daban, makaɗa daban, masu koyar da rawa da ladabin shiga jama'a daban, ga kuma taron tantancewa da ke yanke wace waƙa za ta fita, wace za a ajiye. A 1969 ya kwashe yaran zuwa Los Angeles, ya haɗa ayarin marubuta na musamman dominsu, shi da Freddie Perren da Alphonzo Mizell da Deke Richards, ya sa wa ayarin suna The Corporation don kada sunan wani marubuci ya yi girman da zai zo yana ɗaga masa kai. Suzanne de Passe aka ɗora wa gyaran yaran, tun daga sutura har amsar da za su ba 'yan jarida.

Har tarihinsu aka sake wa fasali. Aka ce Diana Ross ce ta gano su, aka buga sunanta a jikin kundinsu na farko, alhali Bobby Taylor ne ya yi wahalar. Aka rage wa Michael shekara biyu don abin ya ƙara ba da mamaki. Mai ganga da mai fiyanon da suka zo da su daga Gary aka ce 'yan'uwansu ne, ba kuwa su haɗa jini ba. Yaron da uwarsa ta hore shi da cewa ƙarya zunubi ce, sai ga manya sun zaunar da shi suna koya masa cewa wannan ba ƙarya ba ce, talla ce. Wanda ya bi rayuwar Michael ta baya, da irin labaran da shi da kansa ya riƙa bari a baza a kansa, zai gane cewa darasin ya zauna.

A ɗakin ɗaukar sauti kuma sai ya tarar da wata sana'ar dabam. A dandamali sau ɗaya ake yi, ko ya yi kyau ko bai yi ba an wuce. A nan kuwa layi ɗaya sai a maimaita shi har sai mai tsara waƙa ya gamsu, a yanko nan a haɗa da can. Tito da Jermaine, da suka shekara suna gumi a kan jita, ba a bar su sun kaɗa a faifan ba. Ƙwararrun makaɗan haya aka kira. A talabijin Jermaine ne ke rungume da babbar jita, amma amon da ke tashi a faifan "I Want You Back" na Wilton Felder ne. Waƙar ta fito a Oktoban 1969, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a Janairun 1970. "ABC" ta biyo ta, ta sauke "Let It Be" ta Beatles daga saman jadawalin. Sai "The Love You Save", sai "I'll Be There". Waƙoƙi huɗu a jere duk a matsayi na ɗaya cikin shekara guda, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa buɗe fage da shi kafinsu.

Daga nan abin ya zama guguwa. A 1971 iyalin suka tare a wani katafaren gida a Encino, aka fara nuna su a zanen barkwanci na yara a talabijin, aka kuma fara fitar wa Michael da faifansa shi kaɗai. A 1972 waƙarsa "Ben" ta kai matsayi na ɗaya. A 1974 suka zo Afirka, suka yi wasa a Dakar ta ƙasar Senegal. Makarantar gwamnati ta gagara saboda masoya, karatu ya koma hannun wata malama, Rose Fine, awa uku a rana, a otal ko a jirgi. Ya gaya wa Oprah Winfrey a 1993 cewa akwai filin wasa a tsallaken ɗakin ɗaukar sauti na Motown, yakan ji hayaniyar yara a can ya yi kuka, sannan ya koma bakin aiki.

Akwai haɗarin da ke jiran duk yaron da ke cin abinci da muryarsa, kuma ba shi da magani: balaga. Hajar da ake sayarwa ita ce siririyar muryar nan da 'yar fuskar nan, ga shi kuwa dukansu na ɗan lokaci ne. Wajen shekara 14 murya ta fara fashewa, tsawo ya zo, ƙuraje suka feso masa a fuska. Ya ce baƙi kan shigo gida suna neman ƙaramin Michael, su wuce shi yana tsaye ba su gane shi ba. Uban kuma, maimakon lallashi, sai tsokana a kan girman hancinsa. Cinikin faifai ya ja baya. Yara mawaƙa da yawa a nan labarinsu ke ƙarewa, kamar Frankie Lymon, wanda ya girgiza Amurka yana ɗan shekara 13, kasuwarsa ta mutu da sauyin muryarsa, shi ma ya rasu yana da 25. Abin da ya tsallakar da Michael shi ne ba murya kaɗai ya tara ba. Da "Dancing Machine" ta fito, ya shigo da rawar nan ta mutum-mutumin inji a shirin Soul Train, yaran Amurka suka kwana suna kwaikwayo. Shekarun gefen labule ne suka biya shi a ranar. A wannan tsakanin Joseph ya kai iyalin Las Vegas a 1974, ya cusa sauran 'ya'yan cikin wasan, har da auta Janet tana 'yar shekara bakwai. Ita ma ta wannan ƙofa ta shigo sana'ar.

Sai maganar kuɗi, inda ilimin gidan ya ƙare. Joseph ya san dandamali, bai san takarda ba. Kason da yaran ke samu daga cinikin faifansu a Motown bai kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma shi za a raba biyar. Marubucin tarihin Michael, J. Randy Taraborrelli, ya kawo cewa sun ɗauki ɗaruruwan waƙoƙi a kamfanin, waɗanda aka fitar ba su kai rabi ba, kuma ana lissafa musu kuɗin ɗaukar har da waɗanda aka ajiye. Ba a yarda su rubuta waƙarsu ba, alhali a wannan sana'a marubuci da mai haƙƙin mallakar waƙa su ne ke cin moriya mai ɗorewa. Mai rerawa in ya daina fita kasuwa tasa ta ƙare, mai waƙa kuwa duk sanda aka sa ta a rediyo sai an biya shi. A 1975 suka koma kamfanin Epic, sai suka tarar ko sunan ƙungiyarsu, Jackson 5, ba nasu ba ne, Motown ta yi masa rajista. Dole suka koma The Jacksons. Jermaine, da ya auri Hazel 'yar Gordy a 1973, ya zaɓi zama wurin surukinsa, ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa. A gidan da sana'a da zumunci suke a tukunya ɗaya, sauya kamfani ma sai da ya raba wa da ƙani.

Masu kare Joseph suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Za su ce a dubi abin da ya sami Gary bayan masana'antun ƙarfe sun fara sallamar ma'aikata, garin da ya haura mutum 170,000 a 1960 ya zama kango-kango, a kuma tambaya ina yaran nan tara za su kasance in ba don taurin kan ubansu ba. Shi kansa ya gaya wa BBC a 2003 cewa ya yi horo da tsumagiya da bel, amma a wurinsa wannan ba duka ba ne. Michael ma, duk da ya ce akwai lokacin da ganin uban kawai kan sa shi amai, bai taɓa hana shi yabon cewa shi ya koya masa tsayuwa a gaban jama'a ba.

Ni dai ban yarda bel ne ya yi Michael Jackson ba. Bel ɗin nan ya sauka a kan Marlon fiye da kowa, in ji 'yan gidan, bai kuwa mai da shi Michael ba. Abin da ya yi shi sananne ne: kunnen da uwa ta buɗe, dubban awoyin bita, jama'ar Regal da Apollo da ba sa yafe kuskure, da idon yaron da ba ya gajiya da kallon manya. Ga Whitney Houston, ita ma 'yar gado ce, uwarta Cissy Houston ƙwararriyar mawaƙiya, Dionne Warwick kuma 'yar'uwarta. A ƙungiyar waƙar cocin New Hope Baptist da ke Newark ta tashi, ta yi wa uwarta amshi a gidajen rawan New York, kamfanoni suka yi ta zawarci, uwar ta ce sai ta gama sakandare. Ba ta sa hannu a kwantiragi da Arista ba sai 1983, tana da shekara 19. Rayuwarta ita ma ba ta ƙare da daɗi ba, wannan wani zance ne, amma muryar ta nuna sarai ba tare da an ɗora mata ciyar da gida tana 'yar shekara takwas ba. Matsalar gidan Jackson ita ce mutum ɗaya ne uba, shi ne malami, shi ne manaja mai yankar kasonsa. In maigida ya matsa wa yaro, gida yake gudowa. In uban ne maigidan, babu inda za shi.

A Epic ne suka samu abin da aka hana su. Bayan kundi biyu a hannun Gamble da Huff na Philadelphia, aka sakar musu mara suka rubuta suka kuma tsara Destiny da kansu a 1978. A wajen aikin fim ɗin The Wiz Michael ya shaƙu da mai tsara waƙa Quincy Jones, suka yi Off the Wall, wanda ya fito a Agustan 1979, watan da ya cika shekara 21. Yana da shekara 15 kenan a sana'ar. Daga baya ya sallami mahaifinsa daga zama manajansa. Darasin takarda kuwa ya koye shi fiye da duk wanda ya koya masa: a 1985 ya sayi kamfanin ATV, mai riƙe da haƙƙin mafi yawan waƙoƙin Beatles, a kan dala miliyan 47.5.

Ya rasu ranar 25 ga Yuni 2009, Joseph kuma ya bi shi a Yunin 2018. A wasiyyar da Michael ya sa wa hannu a 2002, ya damƙa riƙon 'ya'yansa ga mahaifiyarsa Katherine, in ba ta da hali kuma ga Diana Ross. Sunan Joseph bai fito a cikinta ba.